Tsarin gidan abincin gaggawa ya shigo banki, asibiti da ofis

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi bayani kan wani tsarin aiki da ya taso daga kicin ɗin gidajen abincin gaggawa, ya kuma bazu zuwa bankuna, asibitoci, rumbunan kaya da cibiyoyin amsa kiran kwastoma. Mutane da yawa na aiki a ƙarƙashinsa ba su san asalinsa ba.

A shekarar 1948 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka rufe gidan abincinsu da ke San Bernardino a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka sake masa fasali. Suka rage abin da suke sayarwa daga kala 25 zuwa 9. Suka sallami masu kai wa mutane abinci a mota, suka daina amfani da faranti da cokali, sai takarda da kofin yarwa, don haka babu wanke-wanke. Girkin kuma suka yanka shi gunduwa-gunduwa: wannan gashin nama kaɗai, wancan zuba kayan haɗi, wani naɗewa, wani karɓar kuɗi. Hambaga ɗaya santi 15. Wani ɗan kasuwa mai suna Ray Kroc ne ya ɗauki tsarin ya buɗe reshensa na farko na McDonald's a Des Plaines ta jihar Ilinois a 1955, a 1961 kuma aka kafa makarantar horar da masu riƙe rassa.

Sirrin abin yana cikin awo. Naman hambaga ta asali giram 45 ne, ba ƙari ba ragi. Na'urar gashi mai murfi tana gasa sama da ƙasa a lokaci guda, idan daƙiƙunta sun cika ta buɗe da kanta. Tukunyar suyar dankali tana ƙara idan lokaci ya yi. Abin matsa miyar tumatir yana fitar da adadi ɗaya a kowane matsi. Abincin da ya wuce mintunan da aka ɗibar masa a kan kanta zubar da shi ake yi. Wato an ɗebe gwaninta daga kan kuku an zuba ta cikin na'ura da littafin ƙa'ida. Sabon ma'aikaci zai iya aikin cikin 'yan kwanaki, kuma saboda wannan dalilin ne maye gurbinsa ba ya wuya, albashinsa kuma ba ya tashi.

Ba 'yan'uwan nan McDonald ne suka fara ba. Frederick Taylor ya wallafa littafinsa kan sarrafa aiki a 1911, bayan ya daɗe yana auna motsin leburori da agogo. A 1913 Henry Ford ya kawo layin haɗa mota mai tafiya, inda haɗa gangar mota ya sauko daga kimanin awa 12 zuwa minti 93. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ma'aikata sun yi ta gudu, har yawan masu barin aiki a shekarar ya kai kashi 370 cikin ɗari. Dole ta sa a Janairun 1914 ya ninka albashi zuwa dala 5 a rana.

Masanin zamantakewa George Ritzer, a littafinsa na 1993, ya ce tsarin na tsaye kan ƙafa huɗu: sauri, mayar da komai lissafi, tabbatar da abu ɗaya ake samu ko'ina, da sa na'ura ta juya mutum. Ya kuma lura cewa tsarin da aka gina don hikima yakan haifar da wauta. A nan gizo ke saƙa, kuma ta hanya biyu abin ke lalacewa.

Ta farko, idan ƙa'idar ce ke da kuskure, kuskuren zai bayyana a kowane reshe rana ɗaya. A 1993 ƙwayar cutar E. coli ta kama mutane sama da 700, akasarinsu waɗanda suka ci hambaga a rassan Jack in the Box a yammacin Amurka, yara huɗu suka rasu. Jihar Washinton ta riga ta ɗaga zafin da ake so cikin naman ya kai zuwa digiri 68, kamfanin kuwa yana nan kan tsohon awo na digiri 60. Ga shi niƙaƙƙen nama haɗin shanu masu yawa ne, wake ɗaya ya isa ya ɓata gari. Ma'aikacin da ke gaban na'ura bai yi laifi ba, agogo ya bi kamar yadda aka koya masa.

Ta biyu ta fi yawa, ita ce lissafi ya maye gurbin aikin kansa. Ɗauki cibiyar amsa kira. Ana auna ma'aikaci da matsakaicin mintunan da yake ɓatawa kan kowane kira. Idan aka ƙayyade masa minti huɗu, sai ga matsalar da ke buƙatar minti goma, me zai yi? Zai tura kiran wani sashe, ko ya ba da amsar da za ta sallami mutum ba ta warware komai ba. Gobe mutumin ya sake kira, jibi ma haka. A allon manaja komai kore ne, alhali aikin kira ɗaya ya zama uku. Wannan cutar ce ta kama bankin Wells Fargo na Amurka: an ɗora wa ma'aikata burin sayar wa kowane kwastoma hajoji takwas, sai suka riƙa buɗe asusu ba da sanin masu sunan ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, bayan an kori ma'aikata kusan 5,300, daga baya aka ƙiyasta asusun da abin ya shafa sun kai miliyan 3.5.

Kada a ɗauka muna cewa a watsar da ƙa'ida. Jerin dubawa mai abubuwa 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 don ɗakin tiyata shi ma daidaita aiki ne: a tabbatar da sunan majiyyaci, da gefen da za a yanka, a ƙirga auduga da kayan aiki kafin a ɗinke. Bambancinsa shi ne yana tsare likita daga mantuwa, bai hana shi tunani ba. A masana'antun Toyota ma kowane ma'aikaci na da ikon kiran shugabansa, har a tsayar da layi idan ya ga aibi.

Ga shugaban da ke shirin kawo irin wannan tsari, shawararmu ita ce ya fara raba ayyukansa biyu. Wanda kullum iri ɗaya ne, kamar awon magani ko cike fom, a rubuta masa ƙa'ida filla-filla, kuma masu yin aikin su sa hannu a rubutun. Wanda ya danganta da halin mutumin da ke gabanka, a bar wa ma'aikaci sarari. Kada a auna sauri shi kaɗai; duk ma'aunin lokaci a haɗa shi da na inganci, misali kira nawa aka warware tun a karon farko, ko majiyyata nawa suka dawo cikin kwana 30. Jadawalin aiki a fitar da shi aƙalla mako biyu kafin lokaci, domin manhajar da ke canja wa mutum awoyinsa a daren jajibiri ita ke korar masu iyali. A gwada kowace sabuwar ƙa'ida a reshe ɗaya kafin a baza ta, a sa mata ranar da za a sake duba ta, a kuma rubuta sunan wanda ke da ikon dakatar da ita idan ta fara ɓarna.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin tsarin aiki da zamantakewa