Zuwa ga kamfanin da ke tallar na'urar ciwon jiki a Yamai

Assalamu alaikum shugaba, ranka shi daɗe. Na zo wajenku an hana ni ganinka, na kira lambarku ba a ɗauka, shi ya sa na rubuto a nan inda kowa zai gani.

A tallar da kuke sakawa Facebook da WhatsApp kun ce na'urarku na warkar da fibromiyalji, ciwon nan mai kama jiki duka, kwata-kwata. Har yau ciwon nan ba shi da maganin da ke raba mutum da shi, sai dai a rage, kuma kun sani. Yayata ta daɗe tana fama, jiki duka ciwo, ga gajiya, barci ba ya ɗaukarta, ga mantuwa, an yi analiz na jini an yi radiyo ba a ga komi ba har dangi suka fara cewa iska ce. Mace a wannan hali ka ce mata za ta warke ai bisashenta za ta saida, kuma ta saida, muka taso daga Tawa sama da kilomita 500 cikin kar, kuka karɓe kuɗin duka tun kafin a fara.

Ni ban tsani na'urar ba wallahi. Lantarki ne ɗan kaɗan, miliampa 1 zuwa 2, ana ɗora soso jiƙe da ruwan gishiri bisa kai wajen minti 20, wasu na samun sauƙi na ɗan lokaci. Amma kafin a ɗora ma mutum dole a tambaye shi ko yana da farfaɗiya, ko ƙarfe cikin kai, ko na'urar zuciya. Ba wanda ya tambaye ta komi, likita ma ba mu gani ba, wani yaro ne da farar riga yana latsa wayarshi.

Ban da na'urar, wata mata ta yi wa yaya tausa a wajenku, kuma tausar ce ta fi ƙona mini rai. Mai wannan ciwo taɓi kaɗan ma zafi yake mata, a hankali ake bin jikinta, amma matar ta dinga danna ta kamar mai gyaran targaɗe, yaya na hawaye ita tana cewa "haƙuri hajiya, ciwon ne ke fita". Da safe ko kallabi ta kasa ɗaurawa. Motsa jiki kaɗan-kaɗan da likitocin gaɓoɓi na Turai suka sa a gaba wajen wannan ciwo kuwa, ko da baki ba ku ambata ba.

Don Allah ku maido mata kuɗin zaman da ba ta yi ba, resi na hannuna. Ku cire maganar warkewa daga tallarku, ku ajiye likita da zai riƙa duba mutane kafin a jona musu waya a kai. In na ji shiru zan kai maganar ma'aikatar lafiya.