Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Maganin Idonsa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka zauna lafiya a sabon wurin aikinka, gajiyar tashi kuma ta sake ka. Mu nan lafiya ƙalau, sai kewa. Mahaifinka yana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Yayarka ta zo, muna cikin hira baki ya suɓuce mata. Ta ce ranar da ta je taya ka haɗa kaya ta ga kwalaben maganin idonka a aljihun tebur, ko hatiminsu ba a ɓalle ba. Na tsare ta da tambaya har ta faɗa mini amsar da ka ba ta: wai idonka ba ya ciwo, kana gani garau, maganin ne ma yake sa maka jan ido. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Tun daga ranar barcina ya zama rabi da rabi.

Ka fi ni karatu, amma wannan ciwo na fi ka saninsa, domin na gan shi a idon mahaifina kuma ina ɗauke da shi a nawa. Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilokoma, irin wanda ke bin danginmu ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya sa hawaye. Rashin ciwon da kake kafa hujja da shi ɗabi'ar cutar ce. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da ido yake samarwa dare da rana, yana fita ta wata 'yar magudana. Kamar famfo ne da ba a kashe shi: in magudanar ta fara toshewa, ruwan sai ya taru, matsi ya hau. Matsin nan yana danne jijiyar gani da ke bayan ido, wadda take da zarurruka sama da miliyan ɗaya, suna mutuwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya mutu ya tafi ke nan. Babu ɗigo, babu tiyata, babu tabarau da zai dawo da shi. Awon matsin idon yawancin mutane yana tsakanin 10 da 21, kai kuwa ka san abin da na'ura ta nuna a naka ranar da muka je tare, ka ga yadda likita ya ajiye biro ya dube ka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda yake farawa. Daga gefe yake ci, ya bar maka tsakiya. Za ka karanta ƙananan rubutu a waya, ka gane fuska daga nesa, ka rantse idonka lafiya lau, alhali gefen ya daɗe da fara tafiya. Ɗaya idon yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbin da babu. Kana ƙarami lokacin kakanka, amma na san ka tuna yadda yake juyo da kansa gaba ɗaya don ya nemo wanda ya gaishe shi, da yadda kafaɗarsa take bugun gefen ƙofar ɗakin da ya shekara da shekaru yana shiga. Ni na tuna ranar da na miƙa masa kofi ta gefen hagu, ya bar hannuna a miƙe yana ta magana, bai san ina wurin ba. Mutumin da ba ya son a riƙe masa ko takalmi, ƙarshe sai da kai ka riƙa jan sandarsa. Shi ya makara, ba a gano ba sai da abu ya yi nisa. Kai an gano naka da wuri, magani yana hannunka, ka jefa shi a aljihun tebur. Wannan ba jarumtaka ba ce, ɗana, sakaci ne, kuma ba haka na rene ka ba.

Na san kana cewa na cika mita. Ka faɗa wa yayarka, ka faɗa wa mahaifinka. To, na yarda ina da mita. Ita ce ta kai ka awo a lokacin da kowa yake cewa yaro ne, me zai same shi. Likita da bakinsa ya ce wanda iyayensa ko 'yan'uwansa na jini suke da ciwon ya fi sauran mutane haɗari nesa ba kusa ba, kuma mu baƙar fata ciwon yana kama mu da wuri, ya fi yi mana tsanani. Da na yi shiru don kada a ce na dame ka, da yanzu ba mu san komai ba.

Batun jan ido ban ƙaryata ka ba. Maganin dare ɗin nan, latanoprost, yakan sa ido ya yi ja, musamman a makonnin farko, sau da yawa kuma yana lafawa. Yana tsawaita gashin ido, yana iya duhunta fatar da ke kewaye da ido, shi ya sa ake goge abin da ya zubo a kunci. Aikinsa buɗe wa ruwan hanyar fita, kuma sau ɗaya ake sa shi, da dare. Ƙara shi ba ya ƙara amfani, yana ma iya rage ƙarfinsa. Ɗayan kuma, dorzolamide, rage samar da ruwan yake yi, yana da raɗaɗi in ya shiga, wani lokaci ka ji ɗaci a maƙogwaro. Duk na sani. Amma wanda magani ya dama, likita yake koma wa ya ce a sake masa wani. Magungunan iri-iri ne, akwai ma waɗanda ba a sa musu sinadarin hana lalacewa da ke fusata idon wasu. Akwai aikin leza, akwai tiyata in ta kama. Dainawa a ɓoye ce kaɗai babu ita cikin zaɓi, domin ƙarfin ɗigon na awanni ne, da ka bari matsin zai koma inda yake ba tare da ka ji komai ba.

Ɗacin maƙogwaron nan yana nuna maka cewa maganin ya bi ta wata 'yar hanya daga kusurwar ido ya gangara hanci, daga nan ya shiga jini. Ga yadda nake yi kowane dare, kai ma ka sha gani. In wanke hannu da sabulu, in zauna in ɗaga kai, in ja fatar idon ƙasa da yatsa har ta yi ɗan aljihu, in saki ɗigo ɗaya a ciki. Ɗaya tak, ido ba ya iya riƙe fiye da haka, na biyun a kunci yake ƙarewa. Bakin kwalbar kada ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsa. Sai in lumshe ido a hankali, ban da ƙifce-ƙifce, in danna kusurwar da ke jikin hanci na minti ɗaya zuwa biyu. Wannan dannawar ce take tsare maganin a inda ake bukatarsa. In lokacin magani biyu ya haɗu, ka bar aƙalla minti 5 tsakaninsu, in ba haka ba na biyun zai wanke na farkon. Ranar da ka manta, kada ka ninka don ramuwa, ka ci gaba a kan lokacinka. Ka sa ƙararrawa a waya, tunda ita ba ka mantawa da ita.

Kwalaben da ke aljihun tebur ɗin nan kuma kada ka ɗauko ka fara ɗigawa haka kawai. Yawancin latanoprost a firij ake ajiye shi kafin a buɗe, zafi yana kashe ƙarfinsa. Ka duba takardar da ke cikin kwalin, ka duba ranar ƙarewar aiki, ka nuna wa mai ba da magani. In ka buɗe sabuwa ka rubuta kwanan wata a jikinta, yawanci bayan mako 4 ake yar da ita ko da saura. Kuma ka nemi wata tun kafin ta hannunka ta ƙare.

Yanzu ka natsu ka ji wannan da kyau. Sabon likitan da za ka gani bai san ka ba, bai san daren da muka kwana zaune da kai kana jan numfashi da ƙyar ba. Ka faɗa masa kana da asma tun yarinta, ko da ka daɗe ba ta tashi ba. Akwai ɗigon da ake kira timolol, tun 1978 ake amfani da shi, yana aiki sosai kuma ana yawan rubuta shi, amma yana iya tayar da asma ya shaƙe mutum, yana kuma rage bugun zuciya. Dalilin da ya sa ba a ba ka shi tun farko ba ke nan. Wani lokaci yana zuwa a haɗe da wani magani cikin kwalba ɗaya, har da irin naka guda biyun, don haka ka karanta abin da ke jikin kwalba kafin ka karɓa. In kuma aka ba ka brimonidine, yana sa gyangyaɗi da bushewar baki, ka kula da tuƙi, ka ɗaga shi inda hannun jikata ba zai kai ba, domin yana da mugun haɗari ga ƙananan yara.

Sannan na san halinka da son abin da zai yi sauri. Kada ka kuskura ka sayi ɗigon kawar da jan ido da kanka, ko ka karɓi na abokin aiki. Masu ɗauke da sitiroyid irin su dexamethasone suna faranta ido cikin kwana biyu, amma suna hawar da matsin ido, ga mai irin ciwonmu kuwa ɓarnar ta fi yawa. Duk likitan da zai rubuta maka wani magani, ko na me ne, ka gaya masa kana da gilokoma. Ranar da kuma ka ji ido ya kama ciwo mai tsanani farat ɗaya, gani ya dushe, kana ganin bakan gizo a kewayen fitila, ga ciwon kai da tashin zuciya, kada ka jira gari ya waye, ka tafi asibiti a lokacin.

Na yi maka faɗa da yawa, na sani, kuma ba don na raina hankalinka ba ne. Abu ne mai nauyi a ce wa matashi mai jini a jika zai ɗiga magani har iya rayuwarsa saboda ciwon da ba ya ji. Ni ma da aka faɗa mini sai da na yi kuka. Amma ga ni yau ina zura zare a allura, da hannuna kuma na rubuta maka wannan takarda. Ɗigon nan ne sanadi, da ikon Allah.

Abin da nake so ka yi cikin makon nan: ka nemi likitan ido a inda kake, ka tafi da takardunka na baya, ka faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da ka yi ba ka sa magani, kada kunya ta sa ka rage. A auna matsin, a duba jijiyar, a yi maka gwajin ganin gefe. In ka fito ka kira ni ka faɗa mini lambar da aka samu a kowane ido, da bakinka nake so in ji. Ƙannenka ma zan kai su awo a wata mai zuwa, kuma zan ji daɗi in kai ne ka kira su ka ce kada su yi gardama, sun fi jin maganarka.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da jikata. Allah ya tsare mini kai, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka