Baraguzan gini na toshe mana lambatu a Birnin Kebbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kira ga 'yan kasuwarmu.

A Badariya da Rafin Atiku, duk wanda ya rushe tsohon ɗaki, bakin titi yake tara baraguzan: fasassun bulo, tsohon kwano, katako da ƙusoshi a tsaye. Tifa ba ta zuwa sai kaya sun isa lodi, mai baro kuma duk kangon da ya tarar nan zai juye. Ruwan Agusta na sauka, sai tarkacen ya gangara lambatu, ruwa ya koma cikin gidaje. Yara kuwa nan suke wasa ba takalmi, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

A Ingila da Amurka hayar babban akwatin ƙarfe ake yi. Mota ta ajiye shi ƙofar gida, a cika, ta dawo ta ɗauke. Masu waldarmu za su iya ƙera shi. Masu tifa su sa jari, hukuma ta ware wurin zubarwa a bayan gari, masu unguwanni kuma su hana fara rusau sai an yi hayar akwatin.

Naka,
Wani mazaunin Badariya, Birnin Kebbi