Barka da Sallah daga Biristol, da amsar batun kwanan tanti

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya karɓi layya. A gaida Hajiya da Baba da dukkan mutanen gida.

Ka ce idan kun zo baɗi kana son kai yara bikin kiɗa na Glastonbury, ka kuma tambayi yadda za ku yi da kwanan tanti a can. Ana yinsa ne a ƙarshen watan Yuni a wata gonar shanu da ke yankin Somerset a nan Ingila, tun 1970, kuma Fela ma ya yi wasa a can a 1984. Mutane kusan 200,000 ke taruwa kwana biyar. Sai an yi rajista da hoto tukuna, ana sayar da tikiti tun wajen Nuwamba, kafin ka ce kwabo ya ƙare. Wata shekarar kuma ana hutar da gonar, don haka a fara dubawa. Yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ba ya biya.

Abin da ke karya mutanenmu sanyin dare ne. Rana za ta yi zafi, amma da tsakar dare sai ya sauka wajen digiri 10, kuma daga ƙasa yake shigowa. Buhun barci kaɗai ba ya isa, dole kowane yaro ya samu katifar soso ko ta iska a ƙarƙashinsa, da hula da busasshiyar safa wadda ba a yi yawo da ita ba. Tanti ya zama mai rufi biyu. Mai rufi ɗaya, numfashin mutane ne ke taruwa a jikinsa ya zama raɓa, da asuba ya riƙa ɗigo muku ko ba a yi ruwa ba. Ku biyar ne, ku sayi na mutum shida saboda kaya, kuma kada jaka ta jingina da bangonsa, ta nan ruwa ke ratsowa. Kada kuma a shigar da kurfoti ko gawayi ciki don jin ɗumi ko da ya mutu: iskarsa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Ku nemi filin da aka ware wa iyalai, ku kafa a tudu, nesa da bayi da hanyar wucewa. In aka yi ruwa, kwari ya zama caɓi har idon sawu, shi ya sa takalmin roba wajibi ne. Daga wurin ajiye mota zuwa filin tafiya ce mai nisa, ku samu ƙaramin amalanke, ya ɗauki kaya da rana, ya ɗauki yaro mai gyangyaɗi da dare.

Ƙarar kiɗan kusa da dandamali tana lalata kunnen yaro, a saya musu abin toshe kunne mai kama da na masu aikin injin, a kuma tsaya daga baya. A rubuta lambar wayarka a hannun kowannensu tun da safe.

Ba a shiga da kwalba saboda shanu. Famfo kyauta ne, ku riƙe gora da jarka. Bayin kuwa ba ruwa a ciki, buta ba ta zama a gida. Magariba sai bayan ƙarfe tara, asuba tun wajen uku, ku tsara barcin yara a kan haka. Gaskiya akwai giya da shaye-shaye a wurin, a ganina filin wasan yara da rana ya ishe su, a koma tanti da wuri.

A ajiye mana soyayyen nama. A shafa mini kan auta.

Ƙanwarka