Zuwa ga Abba, kan maganar sayar da gidanka da shiga haya

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan kuna lafiya, ya maiɗakinka, ya su Ummi da karatu. Ummanku ta ce min an samu mai sayen gidan naka na Ɗorayi, tayin da ya yi ma ya yi maka, kuma yana son ya biya cikin watan nan, kai kuwa har yanzu ba ka tsayar da wanda za ka saya ba, shi ne kake tunanin ko ku kama haya ku ɗan zauna kafin Allah ya kawo. Na ce bari in rubuto maka, don a waya ba ma gama magana.

Toh ni dai ban ga aibun zaman haya ba, kuma kar ka tsaya sauraren masu cewa wane ya sayar da gida ya koma haya, karayar arziki ce ta same shi. Ba su za su zauna maka a gidan ba. Amma kafin ka je ga haya akwai abin da nake son ka fara gwadawa, ka roƙi mai sayen ya ba ka wa'adi. Ana yi sosai, a biya kuɗi a rubuta cewa za ka tashi bayan wata uku ko huɗu, in ta kama ma ka biya shi hayar watannin ko a rage a cikin kuɗin gidan. Mutumin da ya sayi gida don ya zuba 'yan haya ko don ajiyar dukiya ba zai ƙi ba, wanda zai ƙi shi ne mai shirin tarewa da amarya. Sai dai dan Allah a rubuta, da ranar da za ka miƙa makulli, lauya ya sa hannu, shaidu su sa, mai unguwa ya sani. Kar ka yarda da "ai ba komai Alhaji, ku zauna har ku samu", don wannan maganar daɗin bakin ranar ciniki ce, bayan sati uku za ka ga ya turo magina suna auna tsakar gida matarka tana ciki.

In ya ƙi ba da wa'adin kuma kai ka gamsu da kuɗin, toh ka sayar ka kama hayar. Na fi son ka yi asarar kuɗin haya na shekara guda da ka sayi gida a gurguje saboda an ce ka tashi. Dillali in ya gane kana cikin matsi ya gama da kai, duk gidan da ya daɗe a hannunsa ya ƙi shiga shi zai kai ka, ya ce wallahi akwai mutum biyu da ke kansa, in ba ka ba da kafin alƙalami yau ba gobe babu. Gida kuwa ba a saninsa da gani ɗaya. Ka je da safe, ka koma da daddare ka ga ko akwai wuta, ka ga su waye ke zama a bakin layin. Ka tambayi maƙwabta ruwa, rijiyar tana ƙafewa da bazara ko sai an sayi na 'yan garuwa. Babban amfanin hayar a wajena shi ne za ta kai ka damina, ka ga gidan a watan Agusta ana tsaka da ruwa. Ka duba gindin katanga, in ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, da wani fari-fari kamar gishiri ya hau bango kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, toh ruwa na kwanciya a wajen ko da an shafe shi da sabon fenti. Da rani duk gidajen Kano lafiyayyu ne.

Sai takardu, su ma ba a yinsu da gaggawa. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, gidan da ke da satifiket ba ya komawa sunanka sai da amincewar gwamna, kuma wannan yana cin lokaci. Ka sa lauya ya je KANGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filaye na jihar Kano, ya binciko fayil ɗin, sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko ba a yi ba, wajen ba hanya ba ne ko filin makaranta ko maƙabarta. Ka dai ga rusau ɗin da aka yi a garin nan a 2023, mutane da yawa da kuɗinsu suka saya. In kuma gidan gado ne toh ka ƙara nutsuwa, sai ka ga takardar rabon gado daga kotu kuma kowane magaji ya yarda, har matan da ke aure a wani gari, don mutum ɗaya in ya ce bai sani ba shekara da shekaru za ku yi kuna zaryar kotu.

Yanzu ga inda hankalina bai kwanta ba, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Kuɗin. Gida yana nan inda ka bar shi, kuɗi a hannu kuwa ƙanƙara ce a rana. Ka tuna kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, kafin a shiga watan Maris na 2024 ta haura 1,500, buhun siminti da ake saye wajen dubu biyar ya kai dubu goma har ya wuce a wasu wuraren. Wanda ya sayar da gida kafin wannan tashin ya ce bari ya jira shekara, da ya dawo kasuwa kuɗin nasa ko irin gidan da ya sayar ba za su saya masa ba. Ban ce haka za ta sake faruwa ba, Allah ne masani, amma masu gidaje ba sa sauko da farashi in ya hau. Don haka in za ka shiga haya ka sa wa kanka iyaka, wata shida ka gama nema, kar ka bari shekara ta zagayo kana cewa bari in ƙara dubawa. In ma ta zagayo ka san zakka ta hau kan kuɗin, ɗaya cikin arba'in, alhali gidan da kake zaune a ciki ba a fitar masa da zakka.

Kuma ba hauhawar farashi kaɗai ke cin irin kuɗin nan ba, mutane ma suna ci, kai ma kana ci. Da an ji ka sayar da gida za ka ga masu zuwa gaisuwa sun ƙaru, wannan matarsa za a yi wa aiki, wancan kayansa sun maƙale a Legas zai biya ka nan da sati biyu, wani abokin zai zo da harkar da ake zuba miliyan a samu riba duk wata. Ka tuna yadda MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, irinsu ba su ƙare ba, suna kawai suke canzawa. Kai kanka za ka fara ganin motarka ta tsufa. Abba kuɗin gida na gida ne. Ka buɗe musu asusu daban wanda ba shi da kati kuma ba ya kan wayarka, in kana gudun kuɗin ruwa akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi irin su Jaiz da TAJ, ka je ka zauna da su ka ji tsarinsu. Kar kowa ya san adadin sai maiɗakinka. Duk wanda ya matsa maka da rance ka ce Baba ya hana, ka turo min shi.

Hayar ita ma ka yi lissafinta da kyau, don ba kuɗin shekara kaɗai ba ne. Masu gida ba sa karɓar na wata shida sai ƙalilan, ko wata huɗu ka yi ka tashi da wuya a dawo maka da ragowar, ga kashi goma na ejan, wasu su ƙara da na lauya. Ga tashi sau biyu, kuma ka san kayan ɗakin yanzu, wadrob ɗin nan na katakon gari in kafinta ya kwance ya ɗaura ya sake kwancewa, ramin kusoshin ya zama gari ƙofar ta daina rufuwa, sai ka saya wa matarka wani. Abin da ba dole ba ku kawo nan, ɗakin waje babu kowa a ciki. Ka nemi ƙaramin gida kusa da makarantar yara don kar a canza musu makaranta sau biyu, ba gidan nuna wa mutane za ka kama ba. Kafin ka biya ka duba ko akwai bashin wuta a kan mitar, a rubuta wa zai biya.

Ummanku ta kawo shawarar ku dawo nan gidan ku zauna kyauta. Ƙofa a buɗe take, gidanku ne, amma gaskiya ban goyi baya ba in abin zai wuce sati biyu zuwa uku. Matar da ta saba da tukunyarta da tsakar gidanta a dawo da ita ƙarƙashin uwar miji da ƙannen miji, ko ba wanda ya yi laifi za a samu saɓani, kuma zumuncin da ke tsakaninsu yanzu ya fi min kuɗin hayar shekara. Ka tambaye ta ra'ayinta ku biyu kawai, ba a gabanmu ba, don a gabanmu cewa za ta yi duk yadda aka yi daidai ne.

Ka yi istihara kafin ka karɓi ko kwabo. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka biyo da takardun gidan da abin da mai sayen ya rubuto, mu duba tare, kuma kar ka ba shi amsa kafin nan. Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah ya yi muku albarka, ya zaɓa muku mafi alheri.

Mahaifinka.