Godiya ga Sista da ma'aikatan ɗakin shan magani na makarantar 'yata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sista, ina gaishe ki da aiki, ke da mataimakiyarki, da metiron ta ɗakin kwanan 'yan aji ɗaya, da Baba direban motar makaranta. Na fito da wannan godiya fili ne domin iyayen masu sikila 'yan'uwana su ji, don da yawanmu tsoro ne yake hana mu kai yaranmu makarantar kwana.

Ranar da muka kawo 'yata, dokarku ba ta yi min daɗi ba, kuma na san kin ga haka a fuskata. Kika ce babu maganin da zai kwana a akwatin ɗaliba, ko da farasitamol ne. Kika karɓi folik asid ɗinta da Paludrine na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da sauran abin da likitanta na Asibitin Malam Aminu Kano ya ɗora ta a kai, kika ƙirga ƙwayoyin a gabana, kika rubuta a littafi. Har jiƙon da kakarta ta ɗura mata a gora kika ce mu koma da shi gida. Sannan kika miƙo min takarda in cike: nau'in jininta SS, rukunin jininta, maganin da jikinta ba ya karɓa, lambar waya uku, da sa hannun cewa na yarda a kai ta asibiti idan an neme ni ba a samu ba. Na sa hannu zuciyata tana cewa, yarinyar da na yi shekara goma sha biyu ina ba ta magani da hannuna, yau wata ce za ta riƙe mata?

Allah ya sa kin haƙura da ni.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, riƙe maganin nan shi ya sa kike ganin fuskarta kullum da safe. Idan ba ta zo ba, ki aika a kira ta. A haka kika san launin idonta na lafiya, kika san tafiyarta, har ranar da ta canja kika gane tun kafin ta buɗe baki. Mai sikila takan ɓoye ciwo don kada ƙawaye su ce ta cika raki, wannan duk uwa ta sani.

Da hunturu ya kama, ke kika rubuta wa shugabar makaranta a cire ta daga sharar asuba da ɗiban ruwa, kika ja kunnen siniyoyi cewa babu mai sa ta tsallen kwaɗo ko tsayuwar rana. Metiron kuma ta ɗauki nauyin ruwan zafinta na wanka. Sanyi da ƙishirwa da wahala da zazzaɓin cizon sauro su ne masu tayar da ciwon nan, kuma kin bi su ɗaya bayan ɗaya kin toshe abin da zai toshu. Har gidan sauronta kika je kika duba ko ya yage.

Duk da haka ciwon ya zo, a wani dare na watan Janairu. Wajen ƙarfe ɗaya wayata ta yi ƙara. Ba ki ɓoye min komai ba, ba ki kuma firgita ni ba. Kika ce ƙafafunta da bayanta ne, zafin jikinta ya kai digiri 39, gwajin jinin yatsa ya nuna maleriya, kin ba ta maganin rage raɗaɗi da ruwa, kin gasa mata gaɓoɓin da tawul mai ɗumi, kuma zazzaɓi a jikin mai sikila ba abin da ake jiran safiya da shi ba ne, don haka kuna hanyar asibiti, mu same ku can. Da muka iso ni da mahaifinta, mun tarar an riga an sa mata ƙarin ruwa, ke kuma kina tsaye da littafin nan a hannu kina nuna wa likita abin da ta sha da lokacin da ta sha shi. Littafin da na yi wa kallon ɓata lokaci. Kwana huɗu ta yi a gado, ba a kai ga ƙarin jini ba, alhamdu lillahi. A daren da aka kai ta, ba ki bar asibitin ba sai da aka kira sallar asuba.

Tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiyar ɗalibai a makarantu, amma akwai makarantu da yawa da ɗakin shan maganinsu kwali ne a ofishin malami. Naku ba wani ƙaton ɗaki ba ne, gado huɗu ne da kabad mai kwaɗo. Tsarin ne ya bambanta ku. Na ji wasu iyaye suna ƙorafi a taron iyaye da malamai kan katin rigakafi da kike nema, da mayar da yarinya gida idan ta kamu da apolo ko ƙarambau. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 ba zai ga laifinki ba. Ɗaki ɗaya mai yara da yawa, numfashi ɗaya suke shaƙa.

'Yata ta koma aji, ta rubuta jarrabawarta. Da ta zo hutu, da kanta take tashi ta haɗiyi maganinta bayan karin kumallo, ta cika gorar ruwanta, tana cewa haka Sista ta ce.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Mahaifiyar ɗaya daga cikin ɗalibanku,
Kano.