Wasiƙar Godiya Ga Kamfanin Pressure Sounds

Zuwa ga Malam Pete Holdsworth da dukan ma'aikatan kamfanin Pressure Sounds,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in gode muku a bainar jama'a, kuma na rubuta ta da Hausa saboda ina son 'yan'uwana masu sha'awar kiɗan rege su san aikin da kuke yi tun daga shekarar 1995, lokacin da kuka fara sake buga tsofaffin waƙoƙin Jamaika a Ingila ƙarƙashin inuwar kamfanin On-U Sound na Adrian Sherwood.

Ni mutumin Jos ne, kuma a kaset na fara jin rege. A zamanin samartakarmu mutum yakan je wurin mai ɗaukar kaset a kasuwar Taminus, ya biya kuɗi, a cika masa gaba da baya da duk abin da mai shagon ya ga dama, sannan a rubuta "rege" da biro a jikin kwalin. In ba Bob Marley ko Jimmy Cliff ba, ba mu san sunan kowa ba. Akwai wani kiɗa a ɗaya daga cikin kaset-kaset ɗina wanda ba a rera komai a cikinsa, sai ganga da jita mai kauri da wani abin busa mai sauti kamar kukan yaro daga nesa. Na saurare shi har zaren kaset ɗin ya tsinke, na liƙe shi da man farcen ƙanwata, ya sake tsinkewa. Shekara da shekaru ban san wanda ya busa shi ba, ban ma san sunan abin busar ba.

Sai da ƙanena da ke aiki a Ingila ya kawo mini tsarabar faifanku na farko, wanda ya tattara ayyukan da Leonard Chin, mai laƙabin Santic, ya ɗauki nauyinsu a farkon shekarun 1970. Da na ɗora allura na ji busar nan, sai na tashi tsaye ba tare da na sani ba. A nan na gane cewa mai busar Augustus Pablo ne, sunansa na yanka Horace Swaby, abin da yake busawa kuma melodika ne, mai madannai irin na fiyano wanda ake hura wa iska da baki. Ya rasu a 1999, amma a wurina ranar ce aka raɗa masa suna.

Wannan shi ne ainihin abin da nake gode muku a kansa. Waƙoƙin nan yawancinsu a ƙananan faya-fayai masu inci 7 aka fara fitar da su a Kingiston, babban birnin Jamaika, 'yan kaɗan ake bugawa, wasu ma da farar takarda a tsakiya babu sunan mawaƙi balle na makaɗi, kuma sau da yawa robar ba ta da kyau. Ku kuma kuna bin sawu, ku nemo mai haƙƙin aikin ko magadansa, ku tsabtace sautin gwargwadon iko, sannan ku haɗa da bayani a kan wanda ya rera da wanda ya kaɗa da ɗakin da aka ɗauka. Daga irin wannan bayani na san cewa Lee Perry, mai shirya waƙoƙi, a bayan gidansa da ke unguwar Washington Gardens ya gina ɗakin ɗaukar sautinsa na Black Ark a 1973, kuma da na'ura mai layi huɗu kacal ya yi aikin da har yau ake mamakinsa. Haka kuma na san King Tubby, mai gyaran rediyo da lasifika a unguwar Waterhouse, wanda ya mayar da bayan faifai fagen fasaha ta hanyar cire murya da dawo da ita da sa mata amsa-kuwwa, kafin a harbe shi a 1989. Mawaƙi Prince Far I ma harbe shi aka yi a 1983. Mutanen da suka tafi ta wannan hanya, in ba a sami masu adana aikinsu ba, sai sunansu ya bi su.

A ganina faifan da ya fi nuna ƙwazonku shi ne Sound System Scratch na 2010, inda kuka tattara haɗe-haɗen da Lee Perry ya yi musamman domin masu manyan lasifikun wuraren rawa. Irin waɗannan ba don sayarwa aka yanka su ba, kuma faifan da ake yanka su a kai yana cinyewa ne duk lokacin da allura ta bi ta kansa. Ana jin ƙasƙas a wasu wurare, kuma na ji daɗi da ba ku goge shi har kiɗan ya mutu ba. Wani abokina yana ganin wannan aibi ne; ni kuwa na fi son tuwo da ɗan ƙanzonsa.

Ba zan ɓoye muku ba, tara faifai a ƙasarmu sai mai haƙuri. Canjin fam ya yi tsada, don haka ba na wuce biyu ko uku a shekara, kuma sai na jira mai zuwa gida ya riƙo mini. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, shi ya sa nake ajiye su a tsaye cikin akwatin katako, ina share kowanne da tattausan ƙyalle kafin in kunna. Sau ɗaya na manta da wani a kujerar bayan mota da tsakar rana, na dawo na tarar ya lanƙwashe kamar faifan kaba da ruwa ya daka, kuma laifina ne ni kaɗai.

Na san ƙananan kamfanoni irin naku ba su da tabbas, domin takwaranku Blood and Fire na Mancesta, duk da kyawun aikinsa, ya dakata a 2007. Saboda haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan wasiƙa kuma yake da hali, ya sayi na ainihi maimakon kwafen banza. Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a kasuwancinku. Ƙanena zai zo gida hutun ƙarshen shekara, kuma na riga na aika masa sunan faifan mawaƙi Yabby You da nake so ya riƙo mini.

Naku mai godiya,
Wani mai tara faya-fayai daga Jos